Lissafi a Gona da Kasuwa da Wurin Aiki: Darasi daga Jega, Aliero da Maiyama

Abin da ake nufi da lissafi a wannan darasi shi ne iya aiki da adadi da awo har mutum ya kai ga yanke shawara a kan dukiyarsa ko sana'arsa, kuma ta wannan ma'ana da wuya a sami baligi a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama wanda za a ce bai san komai a cikinsa ba. Mai sayar da ƙuli-ƙuli tana ba da canji ba kuskure, dillalin shanu yana riƙe farashin dabbobi goma a ka, kwandastan mota kuma yana sanin wanda ya biya da wanda bai biya ba tun daga Jega har Yawuri. Abin da ke ƙaranci shi ne mataki na biyu, wato lissafin da ya ƙunshi kaso cikin ɗari, da gwargwado, da awon faɗin ƙasa, da rubuta shige da ficen kuɗi na tsawon watanni, kuma a wannan mataki ne yawancin riba take samuwa ko take salwanta ba tare da mai ita ya lura ba.

Lissafin da aka gada

Garin Jega, wanda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a wajajen shekarar 1820 a ƙarƙashin Gwandu, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya a ƙarni na 19, saboda yana kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Kuɗin wancan zamani wuri ne, ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya a tara shi dubu-dubu, har wuri 20,000 ya cika keso guda, goro kuwa ana ƙirga shi da ƙwarya, wato goro 100. Madugun da ya jagoranci ayari na watanni dole ne ya san abin da zai kashe a kowane zango, da fiton da za a biya a bakin kogi, da yawan goron da zai lalace kafin a iso gida, domin duk wannan yana cikin farashin da zai yanka. A ɓangaren malamai kuma akwai ilmin hisabi da na rabon gado, kuma ƙasar Hausa ta fitar da masana irin su Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Ko a baya-bayan nan, dattawan da suka yi ciniki kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta maye gurbin fam, sun saba da lissafin da ya fi na yanzu wuya, inda kwabo 12 ke yin sule guda, sule 20 kuma ke yin fam guda. Saboda haka ɗalibin ajin manya yana ɗora sabon ilmi ne a kan tushen da kakanninsa suka riga suka kafa.

Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa a cikin darasin. Kaso cikin ɗari hanya ce ta auna ƙaruwa ko raguwa ta yadda za a iya kwatanta babban ciniki da ƙarami, domin ribar naira 10 a kan jarin naira 100 da ribar naira 100,000 a kan jarin miliyan ɗaya duk kashi 10 cikin 100 ne. Gwargwado shi ne dangantakar da ke tsakanin adadi biyu da ke tafiya tare, kamar yawan magani da yawan ruwan da ake dama shi a ciki, ta yadda idan ɗaya ya ninka dole ɗayan ya ninka. Farashin maida jari kuwa shi ne mafi ƙarancin farashin da za a sayar da kaya a kai a fitar da duk abin da aka kashe, ba riba ba hasara. Alƙaluman farashi da za a gani a misalan da ke tafe an zaɓe su ne don sauƙin koyo, kuma ana son mai karatu ya musanya su da farashin kasuwarsa na ranar da yake karatu.

Ajiyar albasa

Aliero ta yi suna a Nijeriya da maƙwabtanta wajen noman albasa, kuma manoman Maiyama da Jega ma suna da kaso mai yawa a wannan noma na rani. Ana cire albasar rani a tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ta yi yawa a kasuwa farashinta ya faɗi, sa'an nan ta yi ta tsada yayin da damina ke shiga har zuwa ƙarshen shekara. Wannan ne ya sa manoma da 'yan kasuwa suke ajiye ta a rudu, wato shimfiɗar itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa a rufe da ciyawa domin iska ta riƙa ratsawa. Sai dai albasa abu ce mai rai, tana rama saboda ruwan jikinta yana fita, wata tana tsira, wata kuma tana ruɓewa ta shafi na kusa da ita, don haka buhunan da aka zuba ba su ne buhunan da za a kwashe ba.

A ɗauka cewa manomi ya sami buhu 100, kuma farashin buhu a lokacin cira naira 20,000 ne, wanda ke nufin in ya sayar nan take zai karɓi naira 2,000,000. Sai ya zaɓi ya ajiye na wata shida, farashi ya kai naira 45,000. Idan aka dubi farashi kaɗai, ƙarin naira 25,000 a kan 20,000 ya kai kashi 125 cikin 100, kuma wannan adadi shi ne wanda ake yawan faɗa a majalisa idan ana yabon wanda ya yi haƙurin ajiya. Amma idan ramewa da ruɓewa suka ci kashi 40 cikin 100, buhu 60 ne suka rage, kuma 60 sau 45,000 ya ba da naira 2,700,000. Daga ciki za a cire kuɗin gina rudu, da ladan masu juyawa da tsince ruɓaɓɓiya, da na mai gadi, da sababbin buhuna, waɗanda za a ƙaddara sun kai naira 250,000, sai a sami naira 2,450,000. Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da zai samu tun farko naira 450,000 ne, wato kashi 22.5 cikin 100 na miliyan biyun da ya ɗaure a rudu tsawon rabin shekara. Riba ce, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da farashi ya nuna ba.

Lissafi mafi amfani a nan shi ne na farashin maida jari, domin shi ne ake iya yi tun kafin a yanke shawara. Ana haɗa darajar albasar a ranar cira da kuɗin ajiya, wato 2,000,000 da 250,000, a raba da buhunan da ake sa ran za su tsira, wato 60, sai a sami naira 37,500. Ma'anar wannan ita ce duk farashin da ya gaza naira 37,500 bayan wata shida hasara ce, ko da kuwa ya kusa ninka farashin ranar cira, kuma manomin da ya sayar a kan naira 35,000 yana murna ya yi asarar naira 150,000 bai sani ba. Idan kuma akwai bashin naira miliyan ɗaya a kansa wanda ke ƙaruwa da naira 50,000 kowane wata, jiran wata shida ya ƙara masa nauyin naira 300,000, farashin maida jarinsa ya tashi zuwa naira 42,500, ribar da ta rage kuma ba ta wuce naira 150,000 ba. Manoma biyu masu gonaki dab da juna za su iya ajiye albasa iri ɗaya a rana ɗaya su sayar a rana ɗaya, ga ɗaya kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga ɗayan kuwa da ƙyar, saboda ɗaya da kuɗinsa ya yi noma, ɗayan da na rance.

Wannan lissafi yana kuma nuna inda ya kamata a kashe kuɗi. Idan aka kyautata busar da albasa kafin a zuba, aka ware mai rauni da mai kaurin wuya, aka gyara rufi don kada ruwa ya zuba, har hasara ta sauko daga kashi 40 zuwa 25 cikin 100, buhu 75 za a kwashe maimakon 60, kuma ƙarin buhu 15 a kan naira 45,000 ya kai naira 675,000. Wanda ya ga wannan adadi a rubuce ba zai yi ƙyashin kashe naira 100,000 wajen gyaran rudu ba. Amma ba za a iya ganinsa ba sai an ƙirga buhunan da aka zuba da waɗanda aka kwashe an rubuta, shekara bayan shekara, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe shekarar da aka ci riba fiye da wadda aka faɗi.

Mudu da gyara

Irin wannan ɓoyayyiyar hasara tana samun masu sayar da hatsi da awo, kuma da yawa daga cikinsu mata ne da ke ciniki a cikin gida. A ƙaddara mace ta aika an sayo mata buhun shinkafa a kasuwar Jega a kan naira 60,000, aka ce mata mudu 40 ne a ciki, sai ta lissafa kowane mudu ya tsaya mata a kan naira 1,500, ta yanke shawarar sayarwa a kan 1,700 da zaton ribar naira 8,000. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne kuɗin mota naira 2,000, da na ɗan dako 500, da la'adar dillali 500, waɗanda suka mayar da jarin naira 63,000. Bayan an sheƙe an tsince, an kuma yi wa masu saye gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi bayan an cika mudu, abin da ta auna ta karɓi kuɗinsa mudu 38 ne. Raba 63,000 da 38 yana ba da kimanin naira 1,658, don haka ribarta a buhun gaba ɗaya naira 1,600 ce. Idan mutum ɗaya ya ci bashin mudu guda bai biya ba, ta taɓa uwar kuɗi. Gyara al'ada ce mai kyau da ke riƙe abokin ciniki, kuma darasin ba ya kira a daina ta, abin da yake nema shi ne a san nawa take ci domin a sa ta cikin farashi.

Akwai wani kuskure da ya shafi kaso wanda har masu ilmin boko suke faɗawa. Idan farashin buhu ya tashi da kashi 50 cikin 100 daga naira 40,000, ya koma 60,000, amma idan ya sauko da kashi 50 daga nan, 30,000 zai koma, domin kaso na biyu ana ɗaukarsa ne daga sabon farashi. Duk lokacin da aka ambaci kaso, tambayar farko ita ce: kaso na mene ne?

Rance da nauyinsa

A ranar 17 ga Nuwamban 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa ƙananan manoma rance a Birnin Kebbi, inda aka fara da shinkafa da alkama, kuma kuɗin ruwan da aka ƙayyade bai wuce kashi 9 cikin 100 a shekara ba. Wannan shiri ya sa dubban manoman jihar suka fara hulɗa da takardun banki, kuma ya nuna muhimmancin gane bambancin kaso na shekara da kaso na wata. A kan naira 200,000, kashi 9 a shekara naira 18,000 ne. Kashi 5 a wata kuwa, wanda a kunne ya fi 9 ƙanƙanta, naira 10,000 ne kowane wata, wato 120,000 a shekara ko kashi 60 cikin 100, idan kuma ana ɗora ruwan da ba a biya ba a kan uwar bashi yana haihuwa, naira 200,000 za ta kai kimanin 359,000 a wata 12.

Mutane da yawa a wannan yanki suna guje wa kuɗin ruwa saboda haramcinsa a addini, kuma tun shekarar 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki ake da bankunan da ba sa ta'ammali da shi. Duk da haka buƙatar lissafi ba ta kau ba, domin bankin da ya sayi injin ban ruwa ya sayar wa manomi da ƙarin riba a biya kashi-kashi, dole mai saye ya san jimillar abin da zai biya ya kwatanta da farashin kasuwa. Rancen da ya fi tsada ma sau da yawa ba a ambaton kaso a cikinsa ko kaɗan. Idan ɗan kasuwa ya ba manomi buhun taki na naira 40,000 a kan zai biya da buhu biyu na shanshera bayan wata huɗu, kuma kowane buhu zai yi naira 30,000 a lokacin, manomin ya biya 60,000 ke nan, ƙarin kashi 50 cikin 100 a sulusin shekara, wanda daidai yake da kashi 150 a shekara. Wani lokaci manomi ba shi da wata mafita sai ya karɓa, amma wanda ya san nauyin abin da ya ɗauka ya fi iya neman sassauci, ko ya rage yawan abin da zai ranta, ko ya shiga adashe tun da wuri.

Awon gona

Shawarwarin malaman gona da rubutun da ke jikin kwalaben magani duk da hekta suke magana, alhali manoma da yawa suna sanin gonarsu ne da yawan damman da take bayarwa ko kwanakin da ake yi ana nome ta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, kuma ta kusa eka biyu da rabi. Gonar fadama mai tsawon mita 80 da faɗin 50 tana da murabba'in mita 4,000, wato kashi huɗu cikin goma na hekta, don haka idan aka ce a zuba buhu huɗu a hekta, ita buhu ɗaya da ɗan abin da ya haura rabi take bukata. Haka nan idan takardar maganin ciyawa ta ce lita 4 a cikin ruwa lita 200 ga hekta guda, kuma tankin feshi na goyo yana cin lita 20, hekta tana bukatar tanki 10, kowane tanki da mililita 400 na magani, waccan gona kuwa tanki huɗu. Wanda ya zuba da ka ko dai ya ƙona shuka ya yi asarar magani, ko ya tsinka shi ciyawa ta ƙi mutuwa ya sake saye.

Lambobin da ke jikin buhun taki ma kaso ne. Buhu mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15 yana ɗauke da kashi 15 cikin 100 na kowane ɗaya daga sinadarai uku, wato kilo 7.5 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, yayin da buhun yuriya mai kashi 46 yake ɗauke da kilo 23. Wanda naitirojin kaɗai shukarsa take nema a zubi na biyu, ya sayi na farkon don ya ga ya fi araha da kaɗan, ya sayi sulusin abin da yake bukata ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya zama babban kaso na abin da manomin rani yake kashewa, kuma tambayar ko a koma injin hasken rana ta zama ta yau da kullum. Amsarta rabawa ce. Idan injin fetur yana shan lita 5 a kowane ban ruwa, ana yi sau 30 kafin girbi, a kan naira 1,000 kowace lita, ana ƙona naira 150,000 a noma guda, don haka inji mai hasken rana na naira 600,000 zai maida kuɗinsa a noma huɗu, muddin bai lalace ba kuma ruwan da yake ja ya ishi gonar.

Masu sana'ar hannu

A wurin gini ana ganin yadda lissafi yake raba mutane mataki-mataki a samu. Lebura ana biyansa kuɗin yini, magini ana biyansa gwargwadon bulon da ya jera, wanda kuwa ya iya duba zane ya fitar da ƙiyasin kaya shi ne yake karɓar aikin gaba ɗaya ya ɗauki sauran. Bulo na siminti da aka saba amfani da shi yana shiga kimanin guda 10 a kowane murabba'in mita na bango, don haka bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 yana da murabba'in mita 36, a cire 4 na ƙofa da taga saura 32, wato bulo 320, a ƙara kashi 5 cikin 100 saboda fashewa ya zama 336. Ana kuma daidaita kusurwar ɗaki da igiya ta hanyar auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, a tabbatar tsakanin ƙarshensu ya zama 5, ƙa'idar da magina da yawa suke aiki da ita ba tare da sun san tana cikin littafin makaranta ba. Ɗan kwangilar da ya yi ƙiyasi ƙasa da ƙima zai cika daga aljihunsa ko ya gudu ya bar aiki, wanda ya yi sama da ƙima kuma wani zai karɓe aikin.

Sababbin sana'o'i sun fi tsofaffi neman wannan ƙwarewa. Mai haɗa wutar hasken rana yana fara aiki ne da jimillar wutar da gida yake sha, wadda ake aunawa da wat-awa, wato ƙarfin na'ura sau awannin da take aiki. Fanka mai wat 60 na awa 8 ta sha 480, ƙwan lantarki biyar masu wat 10 na awa 6 sun sha 300, talabijin mai wat 80 na awa 5 ta sha 400, jimilla 1,180. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe 2,400, amma irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, don haka 1,200 ne abin dogaro, kuma da ƙyar ya ishi wannan gida. Mai sana'ar da bai iya wannan ba zai haɗa, batir ya mutu cikin watanni, sunansa ya ɓaci a unguwa. Haka mai na'urar POS, sana'ar da ta bazu ƙwarai bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023: cajin naira 100 a kan 5,000 kashi 2 cikin 100 ne, kuma daga ciki ne kamfanin na'urar zai cire nasa, a sayi data da takarda, a biya kuɗin zuwa nemo tsabar kuɗi, sai abin da ya rage ne riba.

Takardar shaida da albashi

Ga matasa da manyan da ke son komawa karatu, lissafi ƙofa ce a zahiri. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo, da Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya da ke Jega, suna cikin yankin, amma fannonin kimiyya da injiniya da aikin gona da lafiya duk suna neman kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB. Waɗannan hukumomi suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu wadda baligi zai iya zaunawa ko da ya daɗe da barin makaranta. Dalilin sharaɗin kiredit a lissafi a fili yake a aikin lafiya: idan an rubuta wa yaro mai kilo 12 magani a kan miligiram 15 ga kowane kilo, yana bukatar miligiram 180, idan kuma kwalbar tana da miligiram 120 a kowane mililita 5, za a ba shi mililita 7.5. Kiredit ɗin da aka samu ta satar amsa zai iya shigar da mutum makaranta, amma ba zai fitar masa da wannan adadi a gaban majinyaci ba.

Bincike a wasu ƙasashe ya auna dangantakar lissafi da albashi. A wani nazari da Eric Hanushek da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, bisa gwajin ƙwarewar manya da ƙungiyar OECD ta gudanar a ƙasashe 23, an gano cewa ƙarin mataki guda na ma'aunin ƙididdiga a iya lissafi, wato kamar tazarar da ke tsakanin matsakaicin mutum da wanda ya fi biyar cikin kowane shida, yana tafiya da ƙarin albashi na kimanin kashi 18 cikin 100. Ƙasashen da aka yi nazarin masu arziki ne inda yawancin mutane ke aikin albashi, alhali a Jega da Aliero da Maiyama mafi yawan jama'a kansu suke yi wa aiki, don haka a nan amfanin ya fi bayyana ta hanyar hasarar da aka kauce wa. Lissafi ba ya saukar da ruwan sama kuma ba ya buɗe gurbin aiki inda babu, kuma akwai masu digiri a fannin da ke zaune ba aiki, amma a tsakanin mutum biyu masu jari ɗaya da sana'a ɗaya yana yawan zama abin da ya bambanta su.

Shi ma mai albashi yana bukatar lissafi don ya san ainihin abin da yake karɓa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma a shekarar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Idan albashi ya ƙaru da kashi 10 a shekarar da kaya suka ƙaru da kashi 30, ana raba 110 da 130 a sami kimanin 85 cikin 100, wato abin da albashin yake iya saya ya ragu da wajen kashi 15 duk da cewa adadinsa ya ƙaru.

Zakka da gado

Akwai haƙƙoƙin addini da ba sa sauka sai da lissafi. Zakkar kuɗi da kayan ciniki kashi ɗaya ce cikin 40, wato 2.5 cikin 100, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Hatsin da ya kai nisabi ana fitar masa da ushiri, ɗaya cikin goma, idan ruwan sama ya shayar da shi, da rabin ushiri idan da wahala da kashe kuɗi aka yi ban ruwa, don haka buhu 60 na shinkafar damina zakkarsu buhu 6 ne, na rani da aka shayar da inji kuwa buhu 3. A rabon gado, idan mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, babu iyaye, kuma dukiyar da ta rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 2,400,000 ce, matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, wato 300,000, sauran 2,100,000 kuma a kasa biyar, kowane kashi 420,000, 'ya mace ta ɗauki ɗaya, kowane ɗa namiji ya ɗauki biyu, wato 840,000. Littafin da al-Khuwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunan littafin aka samo kalmar aljabara, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Hukunci na malamai da alƙalai ne, amma magajiyar da ta iya bin rabon da alƙalami ta fi samun natsuwa da abin da aka miƙa mata.

Aikin yi

Kowane ɗalibi zai sami littafin rubutu ya raba shafi gida huɗu, na kwanan wata, da na bayani, da na kuɗin da ya shigo, da na wanda ya fita, ya rubuta duk abin da ya shafi sana'arsa na mako biyu, har da abin da aka ɗiba don cefanen gida da bashin da aka bayar, sa'an nan ya kawo a fitar da riba ko hasara tare da malami. Kafin haɗuwa ta gaba kuma zai warware wannan: wani ɗan kasuwa a Maiyama ya sayi buhun albasa 50 a kan naira 24,000 kowanne, ya kashe naira 150,000 wajen ajiya, kashi 30 cikin 100 suka lalace. Buhu nawa suka rage, mene ne farashin maida jarinsa, kuma nawa zai samu ko ya rasa idan ya sayar a kan naira 36,000?